Yankan katako a ɗaure: inda ribar ƴan sari take, da inda take zubewa

Duk ƴar kasuwar da ke sarin kayan adon ɗakin amarya ta san wannan magana. A ba kafinta aikin dozin guda na gidan madubi ko maratayin makullai, samfur ya yi kyau, a biya kuɗi, amma in an kwance kaya a rumfa sai a tarar tara sun yi daidai, uku kuwa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wani furensa ya yi kauri, wani reshensa ya sirance har yana karyewa da an taɓa, wani kuma bayansa duk gashin katako ne. Mai saye ba ya ɗaukar waɗannan ukun sai an karya masa kuɗi, alhali ribar dozin sau da yawa a cikin ukun nan take.

Wasu na cewa sakacin yaran shago ne, wasu na cewa katakon ne ba shi da kyau. Akwai gaskiya a duka biyun, amma asalin abin yana ga yadda ake yankan. Irin wannan kaya ba ɗaya-ɗaya ake yanka shi ba. Ana jera falle huɗu ko biyar, a ɗaure su, a liƙa zane a kan na sama, a yanke su baki ɗaya, kamar yadda tela ke ninka yadi ya yanka rigunan ƴan lakwal da almakashi sau ɗaya. Wannan dabara halak ce, ita ce ma take sa kayan su yi arha. Sai dai tana da iyaka, kuma wanda ya san iyakar ya san yadda zai yi ciniki da yadda zai duba kayansa kafin ya ƙirga kuɗi.

Injin da ake wannan aiki da shi ɗan ƙarami ne, in kin gan shi daga nesa sai ki ce keken ɗinki. Yana da ɗan tebur na ƙarfe, a tsakiyarsa akwai zarto siriri kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa wajen santimeta 13, an ɗaure shi sama da ƙasa yana hawa yana sauka. Masu aikin suna ce wa wannan siririn zarto lam. Galibin injunan suna bugawa daga sau 400 zuwa wajen sau 1,600 a minti guda, kuma kafinta ba ya tura zarto, katakon yake juyawa da hannu biyu yana bin layin zane. Abin da ya bambanta shi da sauran zartuna shi ne yana iya yanka a cikin tsakiyar katako ba tare da ya ɓata gefe ba: a huda ɗan rami, a kwance lam, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa, a yanke abin da ake son cirewa. Da haka ake fitar da fure da ganye da tauraro a kan allon gado, da haruffan sunan shago, da taswirar Nijar, da tambarin Agadas, da irin zanen da ake gani a bangon tsoffin gidajen unguwar Birni a Damagaram.

To a wannan kwancewa da ɗaurewar lokaci yake tafiya, ba a yankan kansa ba. A ɗauka gidan madubi yana da huji 40. In ɗaya-ɗaya za a yi dozin, sai an huda rami 480, an kwance lam an ɗaura sau 480. In aka ɗaure su huɗu-huɗu, ɗauri uku ke nan, aikin ya koma sau 120. Gaskiya ne lam ba ya gudu a cikin ɗauri kamar yadda yake gudu a falle guda, sai an bi shi sannu, amma duk da haka aikin da zai ci mako ana iya gama shi cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka, Hajiya, in kafinta ya ce kuɗin dozin shi ne kuɗin guda sau 12, bai yi miki adalci ba. Kuɗin katako ne kawai yake ninkuwa sau 12, kuɗin hannu ba ya ninkuwa haka.

Kuɗin katakon ma ana iya lissafa shi a tsaye. Fallen katakon nan mai hawa-hawa da ake haɗawa da gam, wanda wasu ke ce wa filawud wasu kuma kwantarfilake, awonsa da aka fi sani shi ne santimeta 122 a 244. In kayan da kike so faɗinsa 20 ne tsawonsa 30, falle guda yana ba da 48. Ki tambayi kuɗin falle a inda ake sayar da shi, ko a kasuwar Katako ta Yamai ko a wajen masu katako na garinku, ki raba da 48, kin san kuɗin itacen da ke cikin kowane guda. Abin da ya rage shi ne hannu, da fenti, da lam, da wuta.

In kauri ya bambanta

Da a ce kullum falle iri ɗaya ake ɗaurewa, da maganar ta yi sauƙi. Amma kasuwa ba ta tafiya haka. Mai shagon kayan ɗaki yana son zanen fure a katako mai kaurin milimeta 10 don ƙofar kabad, mai rumfa kuma tana son wannan zanen a mai milimeta 3 ko 4 don ratayewa a bango, saboda shi ne talaka ke iya saye. Kafinta mai wayo sai ya haɗa su a ɗauri guda: mai 10 ɗaya, mai 4 ɗaya, masu 3 guda biyu, jimla 20. Yanka ɗaya, kaya huɗu, masu saye biyu. Wani lokacin ma ba oda ce ta sa ba, ragowar katako ce da ta taru a kusurwar shago, kuma a ƙasar da kusan duk katakon aikin kafinta daga waje yake zuwa, daga Najeriya da Gana da Kodibuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku, ba mai zubar da guntu. Tun rufewar iyakar Benin a 2023, da kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, guntun katako ya ƙara daraja.

Akwai ma wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. Falle mai milimeta 3 shi kaɗai yana da wuyar yanka, don lam yana cinsa da sauri fiye da yadda hannu zai iya juya shi, sai a zarce layi. In ya jingina da mai kauri, yankan yana natsuwa, layi ya fito sumul. Wato siriri yana cin albarkacin mai kauri.

Rigimar ita ce wa za a sa a ƙasa. Haƙoran lam ƙasa suke kallo, a saukowa yake yanka. Don haka fuskar da ke kwance a kan teburin inji ita ce take tsagewa, ita ce take fitar da gashin nan da muka ambata. Falle na sama yana da na ƙasansa da ke tare masa, na biyu yana da na uku, na ƙarshe ne ba shi da kowa. In siriri aka sa a ƙarshe, musamman filawud mai arha wanda fatarsa ta waje ba ta kai kaurin farce ba, bayansa zai yi kaca-kaca, ƙananan rassa su ɓalle. In aka sa shi can sama kuma ba a ɗaure da kyau ba, lam yana ɗaga shi a hawa, ya riƙa karkarwa har ya karye. Wurin da ya fi masa lafiya shi ne tsakiya.

Mai kaurin fa? Nan masu sana'ar suka rabu biyu. Wasu suna sa shi a ƙasa, don ya zama gindi, kuma in bayansa ya tsage yana da naman da za a goge da sanfefa. Wasu suna sa shi a sama, su ce shi ne mai tsada, kuma na sama shi ne ya fi bin zane daidai, tunda a kansa takarda take. Duka biyun suna da hujja. A ganinmu, in zanen mai ƙananan rassa ne, gara mai kaurin ya zauna a ƙasa, don in yanka ya ɗan kauce shi yana da ƙarfin jurewa, siriri ba shi da shi. Wanda ya fi kowa kyautawa shi ne mai shimfiɗa wani guntun banza a can ƙasa, ko kwali mai tauri, ya sha tsagewar a madadin kayan sayarwa. Abin takaici shi ne wannan guntun da ya kamata a jefar, wani lokaci shi ake shafa wa mastik da fenti a cika dozin da shi.

Akwai irin lam da ake yi wa ƴan haƙoran ƙasa suna kallon sama, don su share bayan katako a hawa. Yana rage gashin ƙwarai, sai dai yana ƙara ɗaga ɗauri, dole a danne da kyau.

Yanzu ga abin da ke sa na sama da na ƙasa su bambanta a siffa. Lam siriri ne, yana lanƙwasa. In kafinta yana sauri yana tura ɗauri da ƙarfi, ko yana matsa shi gefe a wajen kwana, lam sai ya yi baka kamar na maharbi: a sama yana kan layi, a ƙasa ya kauce. Haka kuma in teburin injin bai daidaita da lam ba. Teburin ana iya karkata shi da gangan, kuma da yawan aiki yakan ɗan karkace da kansa. Karkatar digiri 2 ido ba ya ganinta, amma a ɗauri mai kaurin milimeta 20 tana kawo bambancin milimeta 0.7 tsakanin sama da ƙasa. Ƙaramin abu ne a baki. Sai dai reshen fure mai faɗin milimeta 3 ta gefe biyu ake yanka shi, in kowane gefe ya ci 0.7, abin da ya rage a fallen ƙasa bai fi 1.6 ba, ya kusa rabi ke nan. Shi ne wanda ke karyewa a cikin buhu tsakanin Maraɗi da Tasawa. In kuma ta ɗaya gefen karkatar ta bi, reshen ya yi kauri, hujin ya tsuke, furen ya zama dunƙule.

Gwajin wannan ba ya cin minti biyu. A yanka ɗan tsagi a guntun katako mai kauri, a juyo da guntun ta bayan lam ba tare da an kifa shi ba, a gwada shigar da bayan lam cikin tsagin. In ya shige salin-alin, tebur daidai yake. Kafintan da ke yin wannan kowace safiya ba ya samun rigima da masu sari.

Masu ƙera injunan suna rubuta cewa suna iya yanka kaurin da ya kai santimeta 5. Wannan iyakar abin da zai shiga ƙarƙashin hannun inji ne, ba iyakar aiki mai kyau ba. A aikin ado mai huji da yawa, ɗaurin da ya wuce santimeta 2 ya fara shiga haɗari. Dalili shi ne hawa da saukar lam bai fi wajen santimeta 2 ba, in ɗauri ya fi haka kauri garin katako ba ya samun hanyar fita daga tsakiya, sai ya cushe, lam ya yi zafi, gefen yanka ya ƙone ya yi baƙi, daga nan lam ya tsinke. Kuma girman lam da jimlar kaurin ɗauri ake zaɓensa, ba da kaurin falle guda ba. Lambobinsa suna tashi daga ƙanana irin 2 da 3 na siraran falle, zuwa 5 da 7 na ɗauri matsakaici, har 9 da 12 na katako mai kauri. Babban lam ba ya juya ƙaramar kwana, kuma hanyar da yake ci ta fi faɗi. Ke nan in an haɗa siriri da mai kauri, siririn ya rasa wani abu daga cikin laushin zanen da zai samu da lam ɗinsa na ƙa'ida. Mai son aiki mai laushi kamar leshi, kada ta yarda a haɗa mata shi da katakon ƙofa.

Ba kauri kaɗai ba, taurin itace ma yana shiga lissafi. Farin katakon nan mai sauƙi da ake ce wa samba lam yana wucewa cikinsa kamar wuƙa a kabewa, jan katako kuwa sai an yi haƙuri. In suna ɗauri ɗaya, da tafiyar mai taurin ake tafiya. Filawud shi kuma gam ɗin da ke tsakaninsa yana dakushe lam da wuri, kuma mai arha yakan zo da rami a ciki wanda ba a gani sai yanka ya iso wurin. Sannan ga iskar ƙasarmu. Katakon da ya taso daga gaɓar teku da danshinsa, in ya sha hunturun Tawa ko zafin watan Afrilu, yana bushewa ya kantare. Falle kantararre ba ya kwanciya a kan ɗan uwansa, yana barin sarari a tsakani, kuma duk inda sarari yake nan ake samun tsagewa ko da a tsakiyar ɗauri ne.

Ɗaurin kansa kowa da yadda yake yi. Wasu suna naɗe shi da sikoc, wato salatif mai faɗi irin na ɗaure kwali, wanda kuma yake ɗan sa lam santsi ya rage ƙuna. Wasu suna ɗiga gam a gefe-gefe. Wasu suna buga ƙananan ƙusoshi a wuraren da za a yanke a zubar, kuma wannan ya fi riƙewa in kauri ya bambanta, muddin bakin ƙusa bai leƙo ta ƙasa ya karce tebur ba. Ƙa'idar da ba a tsallakewa ita ce a fara da hujin ciki, a bar zagayen waje sai ƙarshe, don da an yanke waje ɗauri ya watse.

Dabarar ba ta yau ba ce. A Faransa, a zamanin sarki Luwi na 14, an yi wani kafintan fada mai suna Andre-Sharl Bul, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732. Ba shi ya fara ba, amma da sunansa aikin ya shahara. Yakan haɗa fallen tagulla da fallen ɓawon kunkurun teku, ya yanke zane ɗaya a kansu tare, sa'an nan ya musanya: furen tagulla ya shiga gurbin ɓawo, furen ɓawo ya shiga gurbin tagulla. Yanka ɗaya, ado biyu, ba abin da aka zubar, shi ya sa kayansa da yawa tagwaye ne. Har yau akwai makarantar sana'a mai sunansa a birnin Paris, wadda aka kafa a 1886. Ɓawon kunkuru dai an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma da farin katako da ja ana yin irin wannan musanya, a samu faranti biyu ko murfin akwati biyu, ɗaya fari da jan fure, ɗaya ja da farin fure. A wannan aikin kam dole kaurin ya zo ɗaya, in ba haka ba furen zai yi tudu ko ya faɗa rami. Abin mamaki, karkatar teburin da muka kira aibi a baya, a nan gwanaye da gangan suke yinta, don furen sama ya sauka ya toshe gurbin ƙasa ba tare da an ga hanyar zarto ba. Sai dai in an yi haka guda ɗaya ake samu mai kyau, ba biyu ba.

Abin da ke sa a wuce iyaka

Ba kafintan da bai san ɗaurinsa ya yi yawa ba. Abu biyu ke tura shi. Na farko lokacin biki: bayan kaka, da gabanin azumi, da bayan salla, kowa yana son kayansa jiya. Na biyu wuta. Injin ba ya cin wuta da yawa, galibi tsakanin wat 90 zuwa 150 ne, har ƙaramin sola mai batir yana iya ɗaukarsa, amma wanda ba shi da sola ko gurup dole ya yi tsere da ɗaukewar wuta. Wanda ya yi aiki da inji daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke sha a wancan lokaci, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, ya san darajar awa guda ta wuta. In awa biyu ce a hannu kuma Hajiya tana aiko yaro kowane la'asar, falle huɗu sai su zama bakwai. A nan mai sari ma tana da nata kason: wadda ta ba da aiki da sauran mako uku ta fi wadda ta zo ana gobe ɗaurin aure samun kaya masu kyau.

A manyan garuruwa an fara ganin injunan da kwamfuta ke tuƙawa, masu yanka da hasken leza. Su kowane guda daidai yake fitowa da ɗan uwansa, amma gefen yankansu ƙonanne ne, baƙi ko ruwan ƙasa, kuma kuɗin injin da wutar da yake sha sun fi ƙarfin ƙaramin shago. Yawancinsu kuma da MDF suke aiki, katakon nan na garin itace da gam, wanda ba ya shiri da ruwa ko kaɗan: damina ɗaya a ɗaki mai yoyo ta ishe shi ya kumbura. Ƙurarsa ma ba ta da kyau ga ƙirji, kuma yaran da ke gogewa da sanfefa su suka fi shaƙarta, ya kamata masu shago su ba su abin rufe hanci.

Ranar karɓar kaya, tun kafin a shafa fenti ya fi kyau a je, don mastik da fenti suna rufe abubuwa da yawa. Ki ce, “Malam, nawa-nawa ka ɗaure su?” In ya ce huɗu-huɗu a siriri, ba laifi. Ki ɗauki biyu ki haɗa su baya da ciki, ki ɗaga su sama wajen haske: in hujin ɗaya ya hau kan na ɗayan daidai, aiki ya yi. Ki yi haka da guda biyar ko shida daga wurare daban-daban na tarin, ba waɗanda aka miƙo miki ba. Ki kifa kowanne ki shafa bayansa da yatsa. Mai kaurin kuma ki tsayar da shi a kan tebur ki dubi gefen yankan, ko a miƙe yake ko ya yi gangare. In samba ne, ki nemi ƙananan huji masu zubo gari, alamar ƙwaro ya riga ya shiga, kuma irin wannan itace gara ma ba ta raga masa.

Wajen ciniki, a raba magana gida biyu tun farko, kuɗin katako daban, kuɗin hannu daban, a kuma yi sharaɗin cewa duk wanda ya fito daga ƙasan ɗauri da aibi za a canza shi ko a rage kuɗinsa. Mai son kauri biyu na zane ɗaya ta faɗa tun ranar ba da aiki, don a yanka su tare ta ci ragin. Waɗanda rumfunansu ke kusa, in zane ɗaya suke so, suna iya haɗa odarsu su kai wa kafinta ɗaya: ɗauri ya cika, kuɗin hannu ya rabu a kansu. Samfurin da aka yi ciniki a kansa kuwa, a rubuta suna a bayansa, ya kwana a rumfar mai sari har ranar da za a kawo sauran.